Sabar haya: saƙon gcc ya gyaru, ƙ da ɗ sun lalace

Sabar nan da ake haya a Kumasi, ana biya ta MoMo (kuɗin waya), ba ta da laifi wajen sauri. Inda muka saɓa shi ne maganin da masu kula da ita suka ba ni ranar da gcc, manhajar da ke mayar da lambar shirin kwamfuta zuwa yaren na'ura, ya fara zubo mini shirme.

Kuskuren da ya kamata ya fito ‘x’ undeclared, sai ya fito âxâ undeclared. Kowane suna an saka shi tsakanin â biyu, karatu ya gagara. Na rubuta musu, cikin 'yan mintoci amsa ta zo: "Alhaji, saka export LC_ALL=C a .bashrc." Wato fayil ɗin saiti da ake karantawa duk lokacin da na shiga sabar. Na saka, â ta ɓace, har na sa musu albarka.

Ashe ɗinkin ɓarawo ne. Washegari ls, umarnin jera sunayen fayiloli, ya nuna mini fayil ɗin ƙidaya.c da \306\231 a gurbin ƙ. A cikin saitunan harshe da haruffa, LC_ALL ya fi LANG da sauran LC duka ƙarfi, saitin C kuwa ASCII, wato haruffan Turanci, kaɗai ya sani, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wanda yake aiki da Turanci zalla ba zai taɓa lura ba, amma mu 'yan Aboabo da Asawase da ke sa Hausa a cikin aiki fa?

Asalin ciwon ma ba a sabar yake ba. Idan gcc ya ga saitin haruffa, LC_CTYPE, na UTF-8 ne, wato tsarin da ke ɗaukar haruffa irin su ƙ da ɗ, sai ya sa lanƙwasassun alamomin zance, U+2018 da U+2019. Kowace baiti uku ce, E2 80 98 da E2 80 99. Tsohon saitin PuTTY ɗina, manhajar da nake shiga sabar da ita, yana kan wani tsarin haruffa daban, ISO-8859-1, shi ya karanta E2 a matsayin â, sauran biyun bai nuna su ba. Gyaran: a goge layin daga .bashrc, a cikin PuTTY a shiga Window, Translation, a mayar da Remote character set zuwa UTF-8, a adana saitin, a sake shiga. A buga locale a tabbatar LANG ya ƙare da .UTF-8. Mai son kwafe kuskure da alamomin ASCII ya rubuta LC_ALL=C make, na wannan umarnin kaɗai.

To, rabin laifin nawa ne, na yarda. Amma tambaya ɗaya, "da me kake shiga sabar?", da ta wadatar, ba wanda ya yi ta. Da na mayar musu da bayanin ma shiru har yau. Zan sabunta hayar wata mai zuwa saboda saurin, shawararsu kuwa sai na gwada ta a taga ɗaya kafin ta kusanci .bashrc.