Wata Biyu da Akwatin Bolt Action: Abin da Na Gani Game da Gaskiyar Tarihi

Wata biyu ke nan da na sayi akwatin ƴan koyo na Bolt Action bugu na uku, wanda kamfanin Warlord Games na garin Nottingham a Ingila ya fitar a watan Satumba na 2024. Ga wanda bai san shi ba, wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba masu tsawon milimita 28. Kai za ka yanko su, ka manna da gam, ka yi musu fenti, sannan ku zauna da abokin karawa da tef ɗin awo da ƴaƴan lido. An gina akwatin a kan yaƙin dajin Ardennes na Beljiyam da Lukzambag, wanda Jamus ta fara ranar 16 ga Disamba 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A ciki akwai sojojin Amurka cikin kayan sanyi, da sojojin laima na Jamus, da mota mai sulke ƙirar M8, da kangon gida.

Aikin sassaƙar ya burge ni ƙwarai. Fuskokin a takure suke, dogayen kwat sun yi wa jiki nauyi, kai da gani ka san sanyi na cin mutanen nan. Sai da na je karanta tarihin don in zaɓi launi na fahimci cewa yawancin Amurkawan ba su da fararen kayan saje da dusar ƙanƙara, har wasu suka riƙa yafa zannuwan gado da suka samo daga mutanen ƙauyuka. Dubbai kuma ciwon ƙafa ne ya fitar da su daga fage, saboda daɗewa cikin jiƙaƙƙen takalmi. Na bar nawa cikin ruwan ƙasa da kore, uku kaɗai na yi wa farin mayafi.

Muhawarar da ta fi zafi a kulob ɗin da nake zuwa ita ce ta FG42, bindigar sojojin laima na Jamus. Kusan 7,000 kawai aka ƙera a duk tsawon Yaƙin Duniya na Biyu, amma za ka ga mutum ya ɗora wa rabin sojojinsa ita domin tana da kyau a ido. Wani dattijo da ya shekara talatin yana wannan sha'awa ya nuna min cewa rundunonin laima na Jamus ta 3 da ta 5 da suka shiga Ardennes an sake gina su ne bayan ɓarnar da aka yi musu a yaƙin Normandi na Faransa, aka cike su da ma'aikatan sojan sama waɗanda da yawansu ba su taɓa dira daga jirgi ba. Ina ganin yana da gaskiya, kuma akwatin bai hana kowa bin gaskiyar ba, tunda zaɓin makami yana hannun mai haɗawa. Nawa akasari tsohuwar bindigar Kar98k na ba su.

Inda na rabu da masu tsananin bin tarihin nan shi ne batun nisa. Bindigar soja a wasan inci 24 take kaiwa. In ka lissafa da sikelin sojojin robar, wato ɗaya bisa 56 na girman mutum, mita 34 ke nan, alhali M1 Garand, bindigar sojan Amurka, tana samun mutum a ɗaruruwan mitoci. Sukan kafa hujja da wannan su ce wasan ba tarihi ba ne. To wane tebur ne zai ɗauki ainihin nisan? Abin da ya fi min muhimmanci shi ne jakar da ake zuba ƴaƴan lidon umarni na ɓangarorin biyu, a riƙa zaro ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya san nasa ko na abokin gaba zai fito. Ga kuma alamar firgici da ke taruwa a kan rukunin da ake yi wa ruwan wuta, har ka ba su umarni su ƙi motsi. A wasana na huɗu, sojojina sun maƙale a bayan kangon nan zagaye biyu cur, na ji zuciyata ta yi nauyi, domin irin abin da na karanta ke nan game da ranakun farko na harin.

Wasu tsofaffin ƴan wasa suna kewar jerin rundunonin da bugu na biyu, na 2016, yake ɗaurewa da takamaiman fage da shekara. Na fahimce su. Mu dai abin da muke yi shi ne mu amince tun kafin wasa cewa ba za a sa abin da bai je Ardennes ba.

Ga mai farawa, akwatin ya ci kuɗinsa, sai dai a tanadi almakashin yanka roba da gam da fenti daban, da kuma haƙuri, don ni sai da na yi mako biyar kafin in gama fentin.

A cikin wannan Disamba ɗin na 1944, sojojin Najeriya da na Gana (Gold Coast a lokacin) na runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma suna kutsawa yankin Arakan a Bama, kuma Hausa ce da yawansu ke ji a bataliyoyin Najeriya. Su nake so in haɗa nan gaba, har na fara neman hotunan kakinsu.