Akwatin ɗaukar mage: mun gwada shi a yawon Sallah

Autata ce ta kafe sai an tafi da Fara yawon Sallah. Fara magenmu ce, shekararta 2, ba ta taɓa wuce ƙofar gida ba. Don a zauna lafiya na shiga Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna na sayo akwatin roban nan mai ƙofar waya da mariƙi a sama.

Gaskiya akwatin ya yi. Ba shi da nauyi, iska na shiga ta kowane gefe, kuma ana raba shi biyu a wanke. Wannan ya yi mana rana, domin tun muna cikin Keke Napep daga Unguwar Rimi ta jiƙa tsumman da na shimfiɗa mata. Sakatar ce kawai ban yarda da ita ba, sai da na ƙara ɗaure ta da igiya.

Wurin shakatawar da muka je a bakin kogin Kaduna yake. Mai gadi ya leƙa akwatin, ya dube ni ya ce, "Hajiya, har da ita?" Na nuna masa katin allurar rigakafin cutar haukan kare, wadda ake sabunta mata duk shekara. Bai ma karanta ba. Ya ce dai kada mu sake ta, ya buɗe mana.

A nan na gane wautata. Ga kiɗa, ga yara na tsalle a lilo, ga ƙamshin tsire. Fara ta lafe a ƙuryar akwati, kunnuwa a kwance, ta buɗe baki tana haki. Mage ba ta haki haka kawai. In kin ga haka, tsoro ne ko zafi ya yi mata yawa. Na koma gindin bishiya, na lulluɓa wa akwatin mayafina, sannan ta ɗan natsu. Ruwan da na ba ta ko kallo bai ishe ta ba. Yaran mutane kuwa suka yi ta cusa yatsu ta waya, ni kuma ina ta "kul, za ta yakushe ku". Ko awa 1 ba mu yi ba muka juyo, auta na kumbura baki.

Akwatin yana nan, da shi nake kai ta wajen likitan dabbobi. Sallar da ta biyo baya kuwa a kan buhun masara muka baro ta tana barci.