Gwajin PCR da aka yi min kan ƙurajen kwankwasona

Kwana biyu ina jin zogi a kwankwasona na dama kamar ana tsira min allura. A rana ta uku sai ƙuraje masu ruwa suka feso, a cunkushe wuri guda. Likitar da ta duba ni ta ce ido kaɗai ba zai raba gardama ba, domin a wannan sashen jiki herpes nau'i na 2, wanda ake ɗauka ta saduwa, yakan yi kama da ƙwayar ƙarambau idan ta farfaɗo bayan shekaru. Gabana ya faɗi.

Na ce to a ɗebi jinina. Ta girgiza kai. Gwajin jini na garkuwar jiki, in ji ta, abin da zai nuna shi ne mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da tun yana yaro ne. Kusan kashi biyu bisa uku na 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya suna ɗauke da herpes nau'i na 1, to ina jini zai faɗi abin da ke cikin waɗannan ƙurajen na yau? Sai dai a tambayi ƙurjin da kansa, wato a yi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar cutar kanta a samfurin da aka ɗauka daga ƙurjin.

Ɗaukar samfurin da zafi, ba zan ɓoye ba. Ma'aikaciyar ta fasa ƙurji ɗaya, ta goga tsinke mai taushin kai a gindinsa sosai, har sai da na cije leɓe. "Yi haƙuri Malama, in ban kai ƙasa ba aikin banza ne," ta ce, sannan ta karya tsinken cikin 'yar kwalba mai ruwa. Ta ce na zo a kan gaɓa: da ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, ƙwayar na raguwa, gwaji na iya cewa babu alhali akwai.

Abin da ya burge ni shi ne yadda PCR yake aiki. Na'ura tana dumama samfurin tana sanyaya shi, zagaye wajen 40, kowane zagaye yana ninka ɗan guntun DNA (sinadarin gado) na ƙwayar, har abin da bai taka kara ya karya ba ya yi yawan da za a gane shi da sunansa. Daga tsinke ɗaya aka nemi ƙwayoyin cuta 3: herpes nau'i na 1 (HSV-1), nau'i na 2 (HSV-2), da ƙwayar ƙarambau (VZV).

Likitar ba ta jira sakamako ba, a ranar ta sa ni kan acyclovir, maganin da ke daƙile irin waɗannan ƙwayoyin cuta, don ya fi amfani idan an fara cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Na gode mata da wannan, domin sai bayan kwana uku takarda ta fito.

Takardar ce kaɗai ƙorafina. Layi uku na gajerun haruffa, HSV-1, HSV-2, VZV, babu ko jimla ɗaya ta bayani, an kuma miƙo min da yamma bayan likita ta tashi. Na kwana ina juya ta a hannu. Da safe ta duba ta ce VZV kaɗai aka gano: ƙarambau ɗin da na yi ina 'yar shekara 7 ne ya kwanta a jijiyar gefen ƙashin bayana, yanzu ya motsa. Sai a lokacin na saki numfashi, na tambaye ta yaushe zogin zai bar ni in yi barci a gefen dama.