Kafin ka sayi kwamfutar gina LLVM, fara tambayar RAM

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Samaru kan tafi shago da tambaya ɗaya: Core i7 ce ko i5? Mai shago ma abin da yake so ke nan, don a nan kuɗin yake. Amma in niyyarka gina Clang da LLVM (manhajojin da ke fassara rubutun shiri, kamar na yaren C++, zuwa abin da kwamfuta ke iya gudanarwa) daga tushe, wato daga ainihin rubutunsu, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Aikin mataki biyu ne. Da farko ana sarrafa dubban fayilolin C++, kowanne da ɗan abin da yake ci. Sai a zo haɗa su, inda haɗi guda kan lashe gigabait da yawa, musamman a ginin Debug, wanda ke ɗauke da ƙarin bayanan gano kurakurai. Shi kuwa Ninja, manhajar da ke tafiyar da ginin, ba ruwansa, yana tayar da ayyuka daidai da yawan zaren furosesa (ayyukan da take iya yi a lokaci ɗaya) har da ƙarin biyu. Haɗi huɗu ko biyar su taso tare, RAM ta cika, Linux ya kashe ld, manhajar da ke yin haɗin, da sigina ta 9, wato kisan dole. Yawan zaren da ka biya kuɗi a kai shi ya kayar da kai. Masu LLVM da kansu sun ba da ma'auni: haɗi ɗaya ga kowane gigabait 15 na RAM.

Mai 8GB, ko i7 ce, wahala za ka saya.

Mai 16GB ita ce daidai aljihun yawancinmu, in ka bi ta a hankali: ka sa LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS=1 don a riƙa yin haɗi ɗaya-ɗaya (da Ninja kaɗai yake aiki, ban da takwaransa Make), ka gina Release maimakon Debug, ka taƙaita ga X86 (nau'in furosesar Intel da AMD), ka bar tsohon ld ka koma sababbin masu haɗi, lld ko mold. Ka ware swap, wato wurin da ke tallafa wa RAM in ta cika, a kan SSD saboda tsaro.

Mai 32GB tana ɗaukar haɗi biyu. Ta tebur ta fi arha, amma da wutar Zariya, in ba ka da sola ko inbata, ginin zai riƙa tsayawa. Sauƙin dai Ninja kan ci gaba daga inda ya tsaya.

Ni dai zaɓina laftof ta hannu mai ramin RAM biyu, irin ThinkPad T480 ko EliteBook 840 G5, ka ƙara daga baya in kuɗi sun samu. X1 Carbon kyakkyawa ce, amma RAM ɗinta a like take. Kafin ka biya, ka ce, “Malam, a kunna mu ga rami nawa ne.”