Rigar Tkachuk ko ta Huberdeau: ga abin da na gani daga Calgary

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce yaronka ya kamu da son hokin ƙanƙara, kana neman shawara tsakanin rigar Matthew Tkachuk da ta Jonathan Huberdeau, ka kuma tambaya ko musayar da Calgary Flames da Florida Panthers suka yi da su ta amfani wani. Duka rigunan biyu suna gidana a nan Calgary. Sayi ta Tkachuk.

Tawa ta Tkachuk ja ce, ta Flames, lamba 19, tun yana nan garin na saye ta. Sanyina na farko a ƙasar nan wani abokin aikina ya ba ni tikiti, muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Saddledome, filin wasan Flames, hancina kamar zai gutsure. Ban san komai a wasan ba. Baƙin faifan robar da suke bugawa ma ba na ganinsa, sai dai in ji ihu in san an ci. Amma akwai wani yaro da idona ya kasa barinsa. Robar kare haƙora tana lilo a gefen bakinsa yana taunarta, ya je ya tsaya cak a gaban mai tsaron raga, ana tura shi ana dukan bayansa da sanda, ya ƙi matsawa. Na tambayi abokina wane ne wannan, ya ce ɗan Keith Tkachuk ne, mahaifinsa ma haka ya yi wasa. Kafin sanyin ya wuce na tara kuɗi na sayi rigarsa. Yanzu ɗana ne ke sa ta, yana naɗe hannun sau biyu. An wanke ta ba adadi, lambar bayanta ba ta ko ɗaga ba.

Ta Huberdeau, lamba 10, na saye ta a watan Agusta 2022, tun bai buga wa Flames wasa ko ɗaya ba. Ba na jin na sa ta ya kai sau biyar.

Da yake yawancinmu ƙwallon ƙafa muka sani, bari in fara da wannan: a gasar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar yadda kulob ɗin Turai ke yi. Musaya ake yi, mutum da mutum, ko mutum da gurbin zaɓen sababbin 'yan wasa. Sannan akwai iyakar albashi da kowane kulob ba zai ƙetare ba, wadda a kakar 2022-23 dala miliyan 82.5 ce ga 'yan wasa gaba ɗaya. Kowace dala da ka ba mutum ɗaya, ka hana wani ne. Riƙe wannan, don nan maganar za ta dawo.

Ranar 22 ga Yuli 2022 aka yi cinikin. Calgary ta ba da Tkachuk da gurbin zagaye na huɗu. Florida ta ba da Huberdeau, da ɗan baya MacKenzie Weegar, da wani matashi Cole Schwindt, da gurbin zagayen farko na 2025. A daren nan, wallahi, mu a Calgary murna muka yi. Ka tuna halin da muke ciki. Kwanaki kaɗan kafin nan tauraronmu Johnny Gaudreau ya tafi Columbus ba a samu ko anini a kansa ba, don yarjejeniyarsa ta ƙare. Sai ga Tkachuk ya shaida wa kulob cewa ba zai sa hannu a doguwar yarjejeniya ba. Manajan kulob na lokacin, Brad Treliving, an kai shi bango. Kowa ya ɗauka ragowa zai karɓo, sai ga shi ya dawo da mutumin da ya ci maki 115 a kakar da ta gabata. A hoki maki ɗaya ne ga wanda ya ci, ɗaya ga wanda ya taimaka aka ci, kuma Huberdeau ya taimaka sau 85 a shekarar, abin da babu ɗan gefen hagu da ya taɓa yi a tarihin gasar. Tkachuk 104 yake da su. A takarda mun ba da 104 mun karɓi 115, ga ɗan baya mai kyau a matsayin gyara. Wannan lissafin ne ya kai ni shago.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne shekaru. Tkachuk yana da 24, Huberdeau 29. Florida ta ɗaure Tkachuk shekara takwas a kan dala miliyan 76, wato 9.5 duk shekara, ta sayi ganiyarsa gaba ɗaya. Calgary kuwa, cikin tsoron kada a maimaita abin da ya faru da Gaudreau, ta ba Huberdeau shekara takwas a kan miliyan 84, wato 10.5 duk shekara, tun bai taka ƙanƙarar Saddledome da rigarta ba. Yarjejeniyar ma sai a kakar 2023-24 ta fara aiki, za ta kai shi har 2031, yana dab da shekara 38. Mun biya wanda ya fi tsufa kuɗin da ya fi yawa.

Kakar farko Huberdeau ya tashi da maki 55. Daga 115 zuwa 55, faɗuwar maki 60 cikin shekara guda. Ta biyu 52. Ta uku 62, da ci 28, wanda ya fi dama-dama. A Nuwamba 2023, a wasa da Nashville, koci Ryan Huska ya ajiye shi a benci gaba ɗayan kashi na uku, wato na ƙarshe a wasan. Ina zaune a falo ina kallo, kyamara tana ta komawa kansa, kansa a sunkuye. Tausayi ya ba ni sosai. Ni ban taɓa ganin alamar lalaci a tare da shi ba. A Florida salon gudu ake yi, a kwaso faifai a ruga, shi kuma gwanin miƙawa ne cikin gudu. Ya zo ya tarar da Darryl Sutter, kocin da ke son a tura faifai lungu a bi shi da ƙirji, har gefen dama aka mayar da shi na wani lokaci alhali ɗan hagu ne. Amma Sutter ya tafi a Mayu 2023, makin nan 115 bai dawo ba.

Tkachuk kuwa kakarsa ta farko a Florida maki 109, ya shiga cikin ukun ƙarshe na kyautar gwarzon gasar. Duk da haka ba wannan ne ya yanke mini hukunci ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a hoki miya tana ƙarewa ne daga Afrilu, lokacin da aka shiga zagayen neman Kofin Stanley, inda sai ka ci abokin karawa sau huɗu cikin bakwai. Florida ta 2021-22 ta fi kowa maki a gasar, 122, da Huberdeau a gaba, amma a zagaye na biyu Tampa Bay ta share ta huɗu da nema. Manajansu Bill Zito ya kalli wannan ya ce akwai abin da babu. Ya kawo koci Paul Maurice, ya kawo Tkachuk, ya yarda a rage kwalliya a ƙara ƙashi.

Da farko kamar ya yi kuskure. Da kyar Florida ta tsallake a 2023 da maki 92. Calgary tana da 93 a shekarar, ta fi su da ɗaya, amma ba ta shiga ba saboda ɓangaren Yamma take, Florida kuwa na Gabas, kuma kowane ɓangare da nasa lissafin. Daga nan hanya ta rabu. Florida ta haɗu da Boston, wadda ta ci wasa 65 ta tara maki 135, abin da ba a taɓa yi ba. Boston tana gaba uku da ɗaya, Florida ta rama ta fitar da ita. Ta fitar da Toronto a wasa biyar. Sai Carolina.

Wasan farko da Carolina ba zan manta da shi ba. Aka tashi biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci, wanda a wannan mataki ba bugun fenareti, minti ashirin-ashirin ake ta ƙarawa har sai wani ya ci. Na farko, na biyu, na uku, shiru. Ɗana ya yi barci a kan kujera da jar rigar a jikinsa, mahaifiyarsa ta fito sau biyu tana cewa gobe akwai makaranta. Saura daƙiƙa 12.7 a ƙarin lokaci na huɗu, dab da sha biyun dare a agogonmu, Tkachuk ya juyo ya ɗaga faifan sama cikin raga, ya nuna ƙofar fita ya yi gaba abinsa. Ihuna ne ya tashi yaron. Ya mutsuke ido ya ce, Baba, namu ne ya ci? Na ce masa namu ne. A wasa na biyu shi ya sake ci a ƙarin lokaci, a na huɗu ya ci saura ƙasa da daƙiƙa biyar a tashi. A zagayen ƙarshe da Vegas ƙashin ƙirjinsa ya karye a wasa na uku, ya buga na huɗu a haka, na biyar ya gagare shi, Vegas ta ɗauki kofi.

Sai 2024 Florida ta doke Edmonton a wasa na bakwai, biyu da ɗaya, ta ɗauki kofinta na farko. A 2025 ta sake doke Edmonton a wasa shida. Shekara uku, zuwa wasan ƙarshe uku, kofi biyu. A cikin shekaru ukun nan Calgary ba ta shiga zagayen neman kofi ko sau ɗaya ba. A 2025 ta tara 96, daidai da St. Louis, aka raba gardama da yawan nasara a cikin lokacin wasa, aka bar mu a waje.

Kada in yi zalunci, ba Tkachuk kaɗai ya ɗauko kofunan nan ba. Akwai kyaftin Aleksander Barkov, akwai Sergei Bobrovsky a raga, akwai Sam Reinhart. Akwai Sam Bennett da ya karɓi kyautar gwarzon zagayen neman kofi a 2025, shi ma daga Calgary ya tafi a 2021, abin da har yau yana yi mini ciwo. Amma Barkov, Bobrovsky, Reinhart da Bennett duk suna nan lokacin da Tampa Bay ta share su. Abin da ya canza a wannan bazarar shi ne koci da lamba 19.

A gefenmu, wanda ya fitar da mu kunya shi ne Weegar. A 2023-24 ya ci 20 yana ɗan baya, ga tare faifai da jikinsa ba tsoro, a kan dala miliyan 6.25 duk shekara. Schwindt bai zauna ba. Gurbin zagayen farkon kuwa, da yake Florida ce ta ɗauki kofi a 2025, ya faɗo na 32, na ƙarshe. Don haka ra'ayina shi ne: ranar musayar Calgary ta yi iya abin da wanda aka kai bango zai yi, don Tkachuk tafiya zai yi ko ana so ko ba a so. Inda aka yi asara shi ne makonni biyu bayan nan, ranar da aka sa hannu a miliyan 84. Da an jira an ga rabin kaka, da ko dai a rage farashi ko a sake musayarsa tun darajarsa tana sama.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka: rigunan jabu sun cika shafukan saye da sayarwa, musamman ta Tkachuk tun da ya ɗauki kofi. Wani ya taɓa turo mini hoto mai kyau a kan rabin farashi, muka haɗu a wajen ajiye motoci na wani kanti, na buɗe leda na ga jan rigar ya koma ruwan lemo, tambarin ƙirji ya kumbura kamar an cusa takarda, zare ɗaya ya bi ta haruffan sunan daga wannan zuwa wancan. Ya rantse mini asali ce. Na mayar masa na juya. Kada ka tura wa kowa kuɗi kafin ka riƙe riga a hannunka. Ka ce wa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton cikinta, ba gabanta kaɗai ba. Irin wadda 'yan wasa ke sawa tana da wani maɗauri a ciki ta baya da ake ɗaure ta da wando, na jabu siriri ne kamar igiyar jaka. In ka ga rigar Tkachuk ta Panthers da tambarin Reebok, jabu ce, don tun 2017 Reebok ta daina ɗinka rigunan gasar, shi kuma 2022 ya koma can. In ka ga ta Huberdeau ta Flames da lamba 11, ita ma haka, don 11 lambarsa ce ta Florida, a Calgary ta Mikael Backlund ce. Mai cewa an sa wa rigarsa hannu amma ba shi da takardar shaida, ka bar masa kayansa.

Ga yaro ba ka buƙatar mai tsadar nan ta 'yan wasa. Ka je shagon kulob ko babban kantin kayan wasanni ka ɗauki ta magoya baya, girman yara, ka ƙara lamba ɗaya a kan girmansa don a kan rigar sanyi ake sa ta. Ja ta Panthers, lamba 19. In kuma yaron ya nace sai ta Flames, to ka sa masa 11 ta Backlund, wanda tun 2007 da aka zaɓe shi yake tare da kulob ɗin, ya zama kyaftin a 2023. Allah Ya raya mana su.