Mitar keke mara waya, sati uku da ɗaurawa

Gaskiya CatEye Velo Wireless ɗin nan, mitar auna gudu da nisan tafiyar keke, ta biya ni, na zaɓe ta ne saboda na gaji da waya tana nannaɗe min a birki. Ɗaurawa ba wuya, maganaɗisu a wayar tayar gaba, sensa mai ƙirga juyin taya a fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, amma tazararsu kar ta wuce milimita 5, ni da na bar rata babba sifili kawai take nuna min har na fara zagin mai shago a raina, ashe laifina ne. Sai lambar taya da ake sa wa mitar, wato tsawon zagayen tayar a milimita, tawa girmanta 700x25c ne na sa 2105, in ka sa wata daban to kilomitan duk ƙarya ne. Batiri CR2032 biyu take ci, masu agogo suna da shi. Ba GPS fa, mai son taswira ya ƙaro kuɗi.