Faiba mai inji 15 ko katako mai inji 40: wanne za a fara da shi a Kainji?

Alhaji, ka tambaya wanne za ka saya cikin jiragen ruwa biyu na hannu da aka yi maka talla, na faiba (roba mai zaren gilas) ko na katako. Faiban nan mai ƙafa 19 da inji Yamaha Enduro 15, wato mai ƙarfin doki 15, za ka ɗauka. Na katakon mai ƙafa 28 da inji 40, wanda aka ce maka kuɗinsu kusan ɗaya, ka bar wa masu jigilar 'yan kasuwa tsakanin Yauri da ƙauyukan tsallake.

Jirgin katako ba ya son ubangidan da ke zuwa sau ɗaya a mako, kai kuwa fatsar ranar hutu da shan iska da iyali ka ce za ka yi. In ka bar shi a ruwa, yana tsotsa ta mahaɗar allunan, sai ka ajiye yaron da zai riƙa kwarfe shi safe da yamma, kuma ruwan sama na dare ɗaya a watan Agusta ya isa ya tara masa ruwa mai yawa. In ka jawo shi tudu, rana da hunturu su busar da katakon, allunan su tsuke, mahaɗa ta buɗe, tsumman da aka cusa da kwalta ya saki. Ranar da ka mayar da shi ruwa, kamar ka jefa kwando. Basarken da ke shiga kullum bai damu ba, don yana ganin ɗigo tun yana ƙarami ya toshe. Faiba kuwa, ku huɗu ku jawo shi kan tsofaffin tayoyi, ka cire toshiyar baya ruwa ya tsiyaye, ka rufe da tamfol saboda rana, ka yi wata guda ba ka leƙo ba. Yadda ka bar shi haka za ka tarar. Irinsa ne a hannuna. Daga sauke inji a mota zuwa jefa ƙugiyar farko ba a cika minti ashirin, ƙafarka a bushe, tabarmar yara a bushe.

Katako dai yana ɗaukar kaya, ba ya rawa in an tsaya ana jefa birgi, kuma kowane kafinta na bakin kwata zai gyara shi da ƙusa da kwalta. Kusan iyakar yabonsa ke nan.

Sai batun mai, wanda shi ke sa mutum ya jingine jirgi bayan wata uku. Enduro 15 in ka murɗe shi ƙarshe yana shan wajen lita 7 a awa. Na 40 yana shan kusan lita 20. Tanki mai lita 25 zai kai ka fiye da awa uku da ƙaramin, babban kuwa da kyar ya wuce awa ɗaya da kwata. In ka sassauta hannu zuwa rabi da ɗan wani abu, ƙaramin zai yini da kai. Ga nauyi: 15 wajen kilo 40 ne, kai kaɗai za ka kwance shi ka sa a bayan mota ya kwana a gida. Na 40 ya haura kilo 70, sai mutum biyu, shi ya sa ake barinsa a jikin jirgi, shi ya sa kuma ake wayar gari babu shi.

Kada a ce ban faɗa ba, 15 ba na tsere ba ne. Ku biyu da kayan fatsa zai ɗaga hanci ya sheƙa. Ku biyar da kular abinci, tafiyar dattako zai yi. Ga sabon hannu a Kainji wannan rufin asiri ne. Da aka tare ruwan a 1968 ba duk itatuwa aka sare ba, kututtura na nan a tsaye a ƙarƙashi, kuma in ruwa ya ja baya suna zuwa dab da sama ba tare da ka gan su ba. A nan ne faiba ke da rauni: in ya daki kututture da gudu tsagewa yake yi, inda katako mai kauri zai iya sha da ƙyar. Fitarka ta farko da ta biyu ka biya ɗan gari ya zauna a gaba ya nuna maka hanya.

Duk wannan in jirgin lafiyayye ne. Wurin da faiba ke mutuwa shi ne allon baya, inda ake ɗaura inji, don cikinsa falanki ne aka lulluɓe. Ruwa kan shiga ta ramin kusoshi ya ruɓar da shi, waje kuwa sumul. Ka ɗaga ƙafar injin sama ta kulle, ka danna ta ƙasa da ƙarfinka kana kallon allon. In ya lanƙwasa ko ka ga tsaga ta buɗe a kusurwa, a rage kuɗin sabon allo, ko ka haƙura. Ka bi jikin jirgin da ƙotar sukundireba kana ƙwanƙwasawa: wuri mai kyau yana amsawa ƙwas-ƙwas, ruɓaɓɓe ko mai ruwa a ciki sai ka ji dum. Ka taka daɓen ciki taku-taku, inda ya lotsa ka tsaya ka tambaya. A kife shi ka ga gindi, don jan da ake masa kan yashi yana cinye tsakiyar har zare ya fito. Faci ba abin tsoro ba ne in an yi shi daidai: a goge wurin, a bari ya bushe sarai, a shimfiɗa zaren gilas hawa uku da rezin (ruwan gam ɗin faiba), maganin daskarewa kamar mililita 20 a lita. Facin da aka yi kan danshi yakan ɓamɓaro da farce.

Ka auna tsayin allon kuma. Injin nan yana zuwa da gajeriyar ƙafa ta allo mai inci 15, da doguwa ta mai inci 20. Faifan da ke saman farfela ya zo daidai da gindin jirgin, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba. In ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska a kwana, inji na ihu jirgi na tsaye. In ya yi ƙasa da yawa, mai zai ƙaru, kuma ƙafar ce za ta fara gaisawa da kututture.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, masu sayarwa. Enduro 9.9 da 15 jikinsu ɗaya, murfinsu ɗaya, takardar liƙawa kawai ake sauyawa a sayar maka ƙaramin a kuɗin babba. Haka ake wa wasu injinan China fenti a manna musu suna. Kada ka karanta murfi, ka karanta ɗan farantin da ke jikin maƙalar da ke kama allo: ya nuna E15D da lamba. In an cire farantin ko an kankare shi, kada ka tsaya jin bayani, kayan sata ne sai ka ga akasin haka a rubuce. A biya kuɗi gaban sarkin ruwa ko shugaban masu jirage na kwatar, a rubuta lambar injin a takarda, shaidu biyu su sa hannu. Dillalin da ya ce wani Alhaji na zuwa da kuɗi anjima, ka yi wa Alhajin fatan alheri.

Ka je da sassafe ba tare da faɗin lokaci ba, ka cire murfi ka ɗora hannu kan injin. In da ɗumi, an tayar da shi kafin ka iso don ɓoye wahalar tashi. Mai lafiya a sanyi, ka matsa robar mai ta yi tauri, ka ja cok, ja biyu zuwa huɗu ya kama. Kada ka yarda a tayar da shi a tudu ko na minti ɗaya, robar famfon ruwa ƙonewa take yi nan take. Gwajin cikin duro ma bai wadatar ba, don babu nauyi a kansa. A shiga tafki da mutum uku, a yi rabin awa, a murɗe, a sassauta, a sa giyar baya. Idonka na kan ɗan ruwan nan da yake tsartarwa ta baya kamar fitsari. Ya fito da ƙarfi, mai ɗumi-ɗumi. In ɗigo yake yi ko yana ƙona hannu, ko dai robar ta cinye ko hanyar ruwa ta toshe. In ka murɗa inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, robar cikin farfela ce ta saki.

Bayan an dawo, ba kafin a fita ba, makanikinka ya kwance ƙusar man giya ta ƙasa. Mai wayo yakan zuba sabon mai da safe, rabin awar nan ce za ta tona shi. In ya fito kamar shayi da madara, ruwa na shiga, sau da yawa saboda zaren fatsa ko na kalli ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare man. Wannan gyara ne mai sauƙi. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe masu girma, haƙoran giya ne, wannan kuwa kuɗi ne. Ya sa ma'aunin matsi a ramin fulogi biyun: kowace silinda ta haura psi 100, kuma kada ratar da ke tsakaninsu ta wuce kashi 10 cikin 100. Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri, irin wanda ake haurowa da shi daga Legas ko Warri, za ka gane shi da farin gari kamar kanwa a kan kusoshi. Sabon fenti a kan kusoshin ma amsa ce. Irin wannan ranar da aka zo sauya gaskit, ƙusa ta karye a ciki, aikin yini ya koma na mako.

In ya tsallake, kada ka zuba duk kuɗinka a ciniki, ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ko me mai shi ya rantse, a sauya robar famfon ruwa da fulogi biyu, a wanke kafireta, a zuba sabon man giya lamba 90, kwatan lita yake ci, ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama. Haɗin mai 50 da 1 ne: rabin lita na man haɗi mai alamar TC-W3 a lita 25 na fetur. Baƙin man mota ko na babur kashe fulogi yake yi ya daskarar da ringi. Fetur ɗin jarka na bakin kwata ka tace shi, ruwa da yashi ba sa rabuwa da shi. Sulusin tanki na tafiya, sulusi na dawowa, sulusi ba a taɓa shi, don iskar farkon damina kan taso a faɗin nan na wajen tsibirin Foge ta ninka maka hanya.

Ka yi rajista da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, kuma dokarta ta hana tafiyar dare. Rigar ruwa ta kowa, ta yara daidai jikinsu, a jiki ba a ƙarƙashin benci ba. Filafili biyu, anka (ƙarfen tsayar da jirgi) da igiya mai tsawo, yankakkiyar jarka ta kwarfa, farfela ta ajiya da sifanar fulogi. Jar igiyar nan ta kashe inji, wadda masu jirage ke naɗewa a jikin hannun tuƙi, a wuyan hannunka za ka ɗaura ta. In mai sayarwa ya ce ta ɓata an haɗe wayar, a sayo sabuwa a cire daga kuɗinsa.